Gurbin Ido Ba Ido Ba Ne: Sharhi Kan Manhajar MaxEnt

Ɗalibin nazarin muhalli da ya kai ga rubuta kundin digiri na biyu a kan wata bishiya, ko tsuntsu, ko ƙwaron da ke ɓarnata amfanin gona, da wuya ya gama aikinsa ba a ambata masa MaxEnt ba. Manhajar kwamfuta ce da ake ba wa jerin wuraren da aka taɓa ganin wata halitta, a haɗa mata da bayanan ruwan sama da zafi da yanayin ƙasa na yankin baki ɗaya, ita kuwa ta fito da taswira mai launuka da ke nuna inda yanayi ya dace da rayuwar wannan halitta da inda bai dace ba. Na daɗe ina aiki da ita a kan bishiyar gawo, na kuma zauna kusa da ɗalibai suna gwada ta a kan halittu iri-iri. Ra'ayina shi ne kayan aiki ce mai daraja wadda ta cancanci yabon da ake yi mata, sai dai taswirar da take fitarwa tana da kyawun da kan sa mutum ya ɗauka ta faɗi abin da ba ta faɗa ba, kuma wannan ne ya sa na ga ya dace a yi mata sharhi a tsanake.

Ba za a iya auna manhajar ba sai an fahimci tunanin da aka gina ta a kansa, wato tunanin gurbin halitta a cikin muhalli. Kalmar gurbi ta dace da ma'anar ƙwarai, domin gurbi wuri ne da abu ke shiga ya zauna daram, kamar gurbin da kaza ke kwanciya ko gurbin da ma'aikaci ya bari a ofis. Joseph Grinnell, masanin tsuntsaye a Kalifoniya ta Amurka, shi ne ya fito da tunanin fili a 1917, lokacin da ya yi nazarin wani tsuntsu da ba ya rabuwa da sarƙaƙƙiyar ƙananan itatuwan yankin, ya nuna cewa zafi da danshi da irin mafakar da tsuntsun ke buƙata su ne suka shata masa iyaka. Bayan shekara goma, a 1927, Charles Elton na Ingila ya kalli lamarin ta wata fuska: a wurinsa gurbi shi ne sana'ar halitta a cikin al'ummarta, me take ci, wa ke cin ta, da wa take gogayya. Idan aka ce ga maƙeri can, an faɗi abin da ya fi unguwar da yake zaune, an faɗi matsayinsa a gari. Sai a 1957 G. Evelyn Hutchinson ya mayar da tunanin abin lissafi, ya ce kowane sharaɗi na rayuwa, zafi ne ko ruwa ko girman abinci, ma'auni ne mai ƙasa da sama, kuma gurbin halitta shi ne sararin da dukkan waɗannan ma'aunai suka haɗu suka ba ta damar rayuwa da hayayyafa.

Hutchinson ya kuma raba gurbi gida biyu, kuma a kan wannan rabo ne duk hukuncina game da MaxEnt ya rataya. Akwai gurbin asali, wato duk yanayin da halitta za ta iya jurewa da an bar ta ita kaɗai, akwai kuma gurbin da ta samu a zahiri bayan abokan gogayya da maƙiya sun matse ta. Joseph Connell ya nuna wannan bambanci da gwaji a gaɓar tekun Sikotland, a aikin da ya wallafa a 1961, a kan wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke manne wa duwatsu. Nau'i ɗaya, Chthamalus, ana samun manyansa ne a saman dutse inda ruwa ba ya daɗewa, ɗayan kuwa, Balanus, ya mamaye ƙasa. Da Connell ya kankare Balanus daga wasu duwatsun, sai Chthamalus ya rayu lafiya a ƙasan da ake zaton bai dace da shi ba. Ashe ba yanayi ne ya hana shi sauka ba, maƙwabcinsa ne ke murƙushe shi. Duk wanda ya ga inda halitta take a yau, to gurbi na biyu ya gani, ba na farko ba, kuma wannan gurbi na biyu shi ne kaɗai abin da MaxEnt ke samu ta yi aiki da shi.

Steven Phillips da Miroslav Dudík da Robert Schapire ne suka ƙirƙiro manhajar, kuma maƙalar da ta fito da ita duniya ita ce wadda Phillips da Robert Anderson da Schapire suka wallafa a 2006, inda suka gwada ta a kan dabbobi biyu na Kudancin Amurka. A yau ana sauke ta kyauta daga shafin gidan adana tarihin halittu na Amurka da ke birnin Niyok, kuma tun 2017, da fitowar zubi na 3.4, an buɗe lambobin da aka rubuta ta da su ga duk mai son dubawa ko gyarawa. Ƙaramar manhaja ce da ke aiki a kan Java, wani tsari da kusan kowace irin kwamfuta ke karɓa, saboda haka ba ta zaɓen kwamfuta, kuma da zarar an tara bayanai ba ta buƙatar intanet. Ga mai bincike a inda kuɗin data ke da tsada kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, wannan ba ƙaramar falala ba ce. Na sha gudanar da ita a kan tsohuwar kwamfutar hannu da cajin batir kaɗai, ta gama lissafin yanki guda kafin batirin ya ƙare.

Abu biyu take nema. Na farko fayil ne na CSV, wato jadawali mai sauƙi, mai ginshiƙai uku: sunan halitta, sai lonjitud, sai latitud. Na biyu taswirorin yanayi ne waɗanda dole su zama girmansu ɗaya, iyakarsu ɗaya, girman kowane ɗan murabba'i a cikinsu ɗaya, in ba haka ba ta ƙi aiki. Yawancin mutane suna ɗauko wuraren da aka ga halitta daga GBIF, rumbun bayanan halittu na duniya da aka kafa a 2001 mai hedikwata a Denmak, wanda ke ɗauke da rahotanni sama da biliyan biyu. Bayanan yanayi kuwa daga WorldClim ake ɗauko su, wanda ke da ma'aunai 19 na zafi da ruwan sama, kuma zubinsa na biyu da ya fito a 2017 matsakaicin shekarun 1970 zuwa 2000 ne. Yanke waɗannan taswirori a daidaita su, da QGIS, manhajar sarrafa taswira, ko R, manhajar ƙididdiga, shi ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma manhajar ba ta taimaka wa sabon shiga a kansa. Shawarata ga mai ƙarancin data ita ce kada ya fara da taswirori masu murabba'in kilomita ɗaya, domin nauyinsu ya kai gigabait da dama, ya fara da masu faɗi tukuna har hannunsa ya faɗa.

Akwai wani tarko da ya shafe mu musamman a wannan yanki, wanda na faɗa cikinsa a farkon aikina. Bayanan da ake saukewa sukan zo da latitud kafin lonjitud, MaxEnt kuwa lonjitud take so a gaba. A wasu ƙasashe idan aka juya lambobin sai ɗigon ya faɗa teku ko wajen taswira, manhajar ta yi gargaɗi. A arewacin Najeriya kuwa lambobin biyu ƙanana ne kuma suna kusa da juna. Kano tana kan daraja 12 arewa da kusan 8.5 gabas, idan aka juya su sai ɗigon ya sauka a kusa da Ganye ta jihar Adamawa, wuri mai ruwan sama da tsaunuka da ba su yi kama da Kano ba ko kaɗan. Lissafi zai tafi sumul, taswira za ta fito da launukanta, babu abin da zai nuna an yi kuskure. Tun daga lokacin ba na barin ɗalibi ya danna maɓallin farawa sai ya ɗora ɗigoginsa a kan taswirar ƙasa mun gan su da idanunmu.

Hikimar da ke cikin lissafin ta burge ni tun ranar da na fahimce ta. Sunan manhajar ya fito ne daga wata ƙa'ida da masanin fiziks E. T. Jaynes ya shimfiɗa a 1957, shekarar da Hutchinson ya yi nasa bayanin, kuma ma'anarta a sauƙaƙe ita ce kada ka yi iƙirarin sanin abin da ya wuce shaidar da ke hannunka. Manhajar tana duba yanayin wuraren da aka ga halitta, sannan ta tsinci wasu wurare barkatai daga cikin yankin, guda 10,000 idan ba a canja mata ba, domin ta san yadda yanayin yankin yake gaba ɗaya. Daga nan sai ta nemi rabon da ya fi kowanne bazuwa a faɗin yankin, matuƙar ya dace da abin da aka gani a wuraren halittar. Babbar fa'idar wannan ita ce ba ta buƙatar a gaya mata inda halitta ba ta nan. Duk wanda ya taɓa shiga daji neman tsuntsu ya san cewa rashin ganinsa ba hujja ba ce ta cewa ba ya wurin, kuma tarin samfuran da ke gidajen adana tsirrai da dabbobi duk rahoton gani ne, ba rahoton rashi ba. Haka kuma tana jure ƙarancin bayanai: idan wuraren ba su kai 10 ba sai ta taƙaita ga lissafi mafi sauƙi, tana ƙara sarƙaƙiya idan sun kai 15, ba ta sakin jiki sosai sai sun kai 80.

Amfanin irin wannan aiki ba abin musu ba ne. A 2003 Christopher Raxworthy da abokan aikinsa sun yi amfani da wata manhaja da ta riga MaxEnt, mai suna GARP, a kan hawainiyoyin Madagaska. Taswirarsu ta nuna wasu yankuna da yanayinsu ya dace amma ba a taɓa samun waɗannan nau'o'i a can ba, kuma binciken da aka yi a irin waɗannan wurare ya gano nau'o'in hawainiya bakwai da kimiyya ba ta san da su ba. Wannan shi ne tunanin gurbi a bakin aiki: ya gaya wa mai bincike inda zai kai ƙafarsa, a ƙasar da ba shi da kuɗi ko shekarun da zai taka ko'ina.

Sakamakon MaxEnt yana fitowa a shafi guda da ake buɗewa kamar shafin intanet, kuma tsarinsa abin yabo ne. Ga taswira, ja inda yanayi ya fi dacewa, kore a tsakiya, shuɗi inda bai dace ba, da fararen ɗigogi a wuraren da aka ga halittar. Ga zane-zanen da ke nuna yadda dacewa ke hawa da sauka yayin da ruwan sama ko zafi ke ƙaruwa, waɗanda a ganina su ne mafi daraja a shafin, domin su ne hoton ma'aunan Hutchinson ɗaya bayan ɗaya. Ga kuma gwajin da ke cire kowane ma'auni a ga yadda lissafi zai raunana ba tare da shi ba.

Da na gwada ta a kan gawo, abin da ya fara ja hankalina shi ne yadda fararen ɗigogin suka jeru kamar carbi a bin manyan hanyoyin mota da kewayen garuruwan da ke da jami'o'i da tashoshin bincike. Ba gawo ne ke son titi ba, masu tattara samfuri ne ba sa nisa da inda mota ke kaiwa. Manhajar ba ta da hanyar sanin wannan da kanta, saboda haka sai ta koyi yanayin wuraren da masu bincike ke zuwa ta kira shi gurbin gawo. Masu manhajar sun san da matsalar, Phillips da abokansa sun yi rubutu a kanta a 2009, kuma akwai wurin da ake saka taswirar da ke nuna inda aka fi yin bincike domin a rage karkatar. Sai dai wannan wuri yana ɓoye a cikin saituna, kuma mafi yawan sababbin masu amfani ba sa buɗe shi.

Matsala ta biyu ta fi zurfi, kuma gawo ya fi kowace bishiya tona ta. Gawo bishiya ce da ta saɓa wa sauran: tana zubar da ganye idan damina ta kama, ta yi kore shar da rani lokacin da komai ya bushe. Wannan ne ya sa gero da dawa ke yin kyau a ƙarƙashinta, ba ta tare musu rana a lokacin da suke buƙata, ganyen da ta zubar da kashin dabbobin da suka sha inuwarta da rani kuma sun zama taki. Tana iya yin haka ne saboda saiwarta tana nutsawa ƙasa ta kai ga ruwan da ke can ciki. Ke nan babban sharaɗin rayuwarta ba ya sauka daga sama a watan da take buƙatarsa, yana ƙarƙashin ƙasa ne, kuma babu ko ɗaya daga cikin ma'aunai 19 na WorldClim da ke auna shi. A kudancin Afirka, kamar a Mana Pools da ke gaɓar kogin Zambezi a Zimbabuwe, gawo bishiyar bakin kogi ce da giwaye ke cin 'ya'yanta, a ƙasar Damagaram da Daura kuwa bishiyar gona ce. Yanayin sama na wuraren biyu ya bambanta, abin da ya haɗa su yana inda manhajar ba ta gani sai an kawo mata shi.

Na ɗauki taswirar na je wani ƙauye da ta shafa wa ja gaba ɗaya. A gefe guda na hanya gonaki ne cike da manyan gawo, a ɗaya gefen kuwa fili ne fetal babu ko ɗaya, alhali murabba'i ɗaya ne a taswira, ruwan sama ɗaya, zafi ɗaya. Na tarar da wani dattijo yana sassabe, na gaishe shi na ce, "Baba, me ya hana gawo fitowa a wancan gefen?" Ya dogara da sandar gatarinsa ya ce, "Malam, fitowa kam yana yi. Nan da ka gani, in muka ga ɗan gawo ya tsiro sai mu kewaye shi da fartanya, mu sassake masa rassa har ya fi ƙarfin akuya. Can kuwa tarakta ake sa wa, ita ba ta san ɗan gawo ba." Ya ƙara da cewa shanun da ke kwana a gonarsa da rani su ne ke kawo irin a cikin kashinsu. A cikin 'yan jimloli dattijon ya lissafa mini saniya da akuya da fartanya da tarakta, wato gurbin Elton sak, kuma babu ɗayansu a cikin abin da na ba kwamfuta. Hausawa sun ce gurbin ido ba ido ba ne, kuma jan launi a taswirar MaxEnt gurbi ne kawai, ba ya nufin bishiyar tana tsaye a wurin.

Tsuntsaye ma suna ba da irin wannan shaida. A duwatsun Filato akwai wani ɗan tsuntsu ja, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda Robert Payne ya bayyana wa kimiyya a 1998, akwai kuma wani, Vidua maryae, wanda ba ya yin sheƙa, sai dai ya saka ƙwansa a sheƙar na farkon, namijinsa ma yana kwaikwayon kukan mai masaukin nasa. Duk yadda zafi da ruwan wani dutse suka dace, idan mai masauki ba ya nan baƙon ba zai hayayyafa ba. Ana iya dabarar saka taswirar tsuntsu na farko a matsayin ma'auni wajen lissafin na biyu, kuma manhajar za ta karɓa, amma sai mai binciken ya riga ya san alaƙar daga daji kafin ya zo gaban kwamfuta.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake rataya komai a kan lamba ɗaya da ake kira AUC. Lamba ce da 0.5 ke nufin lissafin bai fi cankar ido rufe ba, kusantar 1 kuma ke nufin ya iya bambance wuraren halitta da sauran wurare. Ɗalibi yakan ga lambar ta haura sai ya ɗauka aiki ya yi kyau, alhali ana iya ɗaga ta ta hanyar faɗaɗa yankin bincike kawai. Idan aka haɗa tsakiyar Sahara da dazuzzukan bakin teku a cikin taswirar gawo, manhajar za ta samu maki mai yawa saboda ta gane cewa gawo ba ya yin kurmi, abin da kowane makiyayi ya sani. Zaɓen iyakar yanki hukunci ne na ilimin halitta, kuma ya kamata a tsaya ga inda irin bishiyar ko tsuntsun zai iya kaiwa da kansa. Haka nan saitunan da manhajar ta zo da su ba su dace da kowace halitta ba, sukan sa lissafi ya manne wa ɗigogin da aka ba shi fiye da kima, kuma saboda haka ne aka samar da ENMeval a cikin R domin gwada saituna daban-daban, da Wallace mai jagorantar mutum mataki-mataki, da maxnet ga wanda ba ya son Java.

Game da hasashen sauyin yanayi, wanda shi ne abin da ya fi jan masu neman tallafin bincike, ina ba da shawarar taka-tsantsan mai yawa. Manhajar za ta karɓi taswirar yanayin shekaru masu zuwa ta zana inda gurbi zai koma, tana ma fitar da wata taswira ta daban da ke nuna wuraren da yanayinsu ya fita daga duk abin da ta koya, kuma wannan gaskiya ce da na yaba mata. Amma idan zafin Sahel ya kai matakin da babu irinsa a bayanan yau, babu ɗigon da zai gaya mata ko gawo zai jure, domin abin da ta koya gurbin zahiri ne, tambayar kuwa ta gurbin asali ce. Ga shi kuma bayanan WorldClim an ƙiyasta su ne daga tashoshin auna yanayi, waɗanda suke da tazara mai yawa a tsakaninsu a yankinmu.

Wanda zan ce ya sauke ta ba tare da jinkiri ba shi ne mai neman inda zai fara binciken halittar da ba a san iyakarta ba, da jami'in gandun daji da ke son tantance yankunan da za a fara dubawa kafin dashen itatuwa, da malamin da ke son ɗalibansa su ga tunanin Grinnell da Hutchinson a zane maimakon a allo kawai. Wanda ke son sanin dalilin da ya sa kacalla ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Hadeja da Nguru bayan madatsun Tiga da Challawa sun canja yadda ambaliya ke zuwa da tafiya, ba a ma'aunan zafi da ruwan sama amsarsa take ba, sai ya nemo bayanan ruwan da ke kwance shekara zagaye. A nawa aikin na gawo, na sake lissafin bayan na rage ɗigogin da suka cunkushe a bakin titi, na taƙaita yankin, na ƙara taswirar irin ƙasa da nisan kowane wuri daga fadama. Jan launin ya ragu ƙwarai, ya tattaru a wuraren da suka fi kama da abin da na gani da idona. Zurfin rijiyoyin ƙauyuka shi ne ma'aunin da nake tattarawa yanzu, da igiya da guga da taimakon masu unguwanni, kuma a takardar da nake cikewa a kowace gona na ƙara layi biyu da ba su nan a da: da me ake huɗa, kuma shanun wa ke kwana a nan da rani.